Yadda Ake Renon Iri da Fitmos Ba Tare da Almubazzaranci Ba

Na daɗe ina renon tumatir, tattasai, attarugu da kabeji a cikin tire mai ramuka, kuma kusan duk wanda ya zo koyon wannan aiki a wurina tambayarsa ta farko ba ta wuce kan buhun nan da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, wanda masu sayar da kayan noma ke kira fitmos. Wasu suna ɗaukarsa a matsayin taki, wasu kuma suna zaton baƙar ƙasar fadama ce aka tankaɗe aka zuba a leda. Ko ɗaya ba haka ba ne, kuma wanda ya fara aiki da shi bisa wannan zato zai yi asarar irinsa da kuɗinsa. A ganina aiki ɗaya tak ne ya cancanci a kashe masa fitmos, wato riƙe ɗan tsiro a makonninsa na farko, kuma ko a wannan aikin ma ana iya rage shi sosai, har a bar shi gaba ɗaya idan hannu ya faɗa.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka buɗe buhu

Fitmos ragowar tsirrai ne, galibinsa wani nau'in gansakuka da ake kira sifagnum, wanda ke tsirowa a dausayin ƙasashe masu sanyi da yawan ruwan sama. Idan tsiron ya mutu a cikin ruwan da ba ya gudu, inda babu iskar da ƙananan halittu masu ruɓar da abu ke bukata, ga kuma tsami, sai ya kasa ruɓewa har ƙarshe, ya yi ta taruwa wani a kan wani. Kaurinsa yana ƙaruwa da kimanin milimita 1 a shekara, ma'ana zurfin mita 1 aikin shekara 1,000 ne. Wanda ke kasuwannin duniya yana fitowa ne daga ƙasashe irin su Latibiya, Estoniya, Lituweniya, Finlan, Jamus da Kanada.

Abin da ya sa masu reno suka so shi a bayyane yake. Yana riƙe ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa alhali yana barin iska ta kai ga saiwa, ba shi da nauyi, kuma kusan babu irin ciyawa ko cutar ƙasa a cikinsa. Tun a shekarun 1960 da masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka fito da haɗin reno wanda babu ƙasa a cikinsa, fitmos ya zama ginshiƙin wannan sana'a. Aibinsa kuwa uku ne, kuma su ne ke kayar da sabon shiga: babu abincin tsiro a cikinsa, ɗanyensa yana da tsami ƙwarai, tsakanin 3.5 da 4.5 a ma'aunin pH alhali kayan lambu sun fi son 5.5 zuwa 6.5, sannan idan ya bushe ƙayau yana ƙin shan ruwa.

Kayan aiki

- Buhun fitmos mai laushin ƙwaya, wanda aka rubuta masa milimita 0 zuwa 5 ko 0 zuwa 7. Mai lita 70 yana cika tire mai rami 128 sama da guda 20.
- Tire: mai rami 128 ko 200 domin tumatir da kabeji, mai rami 105 ko 128 domin tattasai da attarugu waɗanda ke daɗewa a reno.
- Babban baho ko shimfiɗar leda mai tsabta domin haɗi, da robar fenti mai lita 4 a matsayin ma'auni.
- Rariya mai idon da bai wuce rabin santimita ba.
- Garin dutsen farar ƙasa na noma, idan ɗanyen fitmos ka saya, da takardar gwajin tsami.
- Takin gargajiya da ya ruɓe sarai, da buntun shinkafa da aka babbake ya zama gawayi.
- Takin zamani mai narkewa a ruwa, irin su NPK 20-20-20, da ƙaramin sikeli ko cokalin shayi.
- Butar ban ruwa mai ƙananan huji, ko famfon feshi wanda ba a taɓa zuba masa maganin ciyawa ba.
- Ruwan bilic na wanki, takunkumin hanci, da raga irin ta gidan sauro.
- Benci ko katako da za a ɗora tire a kai, nesa da ƙasa.

Mataki na 1: Karanta abin da ke jikin buhu

Fitmos iri biyu ne a kasuwa, kuma buhunansu suna kama da juna. Akwai ɗanye wanda ba a yi masa komai ba, akwai kuma haɗaɗɗe wanda kamfani ya riga ya gyara tsaminsa ya sa masa ɗan taki. Lambar pH da ke jikin buhun ita ce za ta gaya maka wanne ne a hannunka: idan ka ga 5.5 zuwa 6.5, haɗaɗɗe ne, ka tsallake mataki na 4. Idan ka ga lamba ƙasa da 4.5, ɗanye ne. Ni kaina na taɓa sayen ɗanye a hannun wani mai shago da ya tabbatar mini cewa duk ɗaya ne, na shuka attarugu tire goma sha biyu, suka fito lafiya sannan suka tsaya cak da ganye biyu masu ruwan ɗorawa har na zubar da su. Idan an buɗe buhun ana auna shi da mudu babu takarda, ka sayi kaɗan ka gwada da takardar tsami kafin ka sayi mai yawa.

Mataki na 2: Wanke tire

Sabon tire ɗauraya kawai yake bukata. Tsohon kuwa sai an goge ragowar saiwa da ƙasa, sannan a jiƙa shi na minti 10 zuwa 15 a cikin ruwan bilic, kashi 1 na bilic da kashi 9 na ruwa, a ɗauraye a shanya. Mafi yawan ruɓewar gindin tsiro da ake ɗora wa fitmos laifinta daga tsohon tire take fitowa.

Mataki na 3: Warware shi ka jiƙa

Wannan mataki shi ne wanda gaggawa ta fi ɓatawa. Sa takunkumi, domin ƙurarsa tana shiga maƙogwaro, idan kuma kana da rauni a hannu ka sa safar hannu. Zuba iya abin da za ka yi aiki da shi a ranar cikin baho, ka murtsuke dunƙulen da hannu har ya zama gari, sannan ka riƙa yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kana cakuɗawa kamar mai kwaɓa fulawa. Da farko za ka ga ruwan yana gangarewa ta gefe yana taruwa a gindin baho alhali fitmos ɗin na nan a bushe. Kada ka ƙara ruwa da yawa a lokacin, ka ci gaba da juyawa da matsawa. Ruwa mai ɗan ɗumi, ko da wanda ya sha rana ne a jarka, ya fi saurin shiga. Bayan haka ka rufe bahon da buhu ka bar shi ya kwana.

Washegari ka ɗebi cikin hannu ka matse da ƙarfi. Idan ɗigo ɗaya ko biyu suka fito ta tsakanin yatsu, kuma da ka buɗe hannu ya tsaya a dunƙule amma ya warwatse da an taɓa shi, to ya yi daidai. Idan ruwa ya tsiyaya, ya yi yawa, sai ka ƙara busasshe ka sake juyawa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya cika tire da busasshen fitmos, ya shuka iri, sannan ya zuba ruwa daga sama. Saman zai yi duhu kamar ya jiƙa, amma tsakiyar ramin, inda irin yake kwance, tana nan kamar ba a taɓa ta ba.

Mataki na 4: Rage tsami

A kowace lita 1 ta warwararren ɗanyen fitmos ana sa giram 3 zuwa 5 na garin dutsen farar ƙasa na noma, wato kimanin cokalin shayi uku a robar fenti guda. A barbaɗa shi yayin jiƙawa domin ya bi ko'ina, a bar haɗin a rufe da danshinsa kwana 5 zuwa 7, sannan a gwada: a ɗebi kaɗan a dama da ruwa mai tsabta, a bari ya kwanta, a tsoma takardar a kwatanta launinta. Kada ka yi amfani da farar ƙasar da magina ke jiƙawa su shafe bango, domin tana da zafin da ke ƙona saiwa, haka kuma kanwa ba ta da wuri a nan saboda gishirin da ke cikinta. Idan garin dutsen bai samu ba, takin gargajiya da gawayin buntu da za a haɗa a mataki na gaba suna rage tsamin da kansu, sai ka ƙara yawansu kaɗan ka dogara da takardar gwaji.

Mataki na 5: Yi haɗi

Ba na ba kowa shawarar ya shuka a cikin zallan fitmos, ko da kuɗinsa sun kai. Haɗin da nake fara koya wa mutane shi ne roba 2 na jiƙaƙƙen fitmos, roba 1 ta tankaɗaɗɗen takin gargajiya da aka turara, da roba 1 ta gawayin buntu da aka wanke. Takin yana ba da ɗan abinci kuma yana sa haɗin ya karɓi ruwa ko bayan ya ɗan bushe, buntun kuma yana buɗe hanyar iska. Da wannan kaɗai ka riga ka rage rabin fitmos ɗin da za ka saya. Ka guji ɗanyen garin katako, domin yana zuƙe sinadarin naitirojin ya bar tsiro da yunwa, ka guji kashin kaji da bai shekara ba, ka kuma guji ƙasar gona, wadda ke daskarewa a cikin rami kuma tana zuwa da cuta.

Mataki na 6: Cika tire

Zuba haɗin a kan tire ka baza da tafin hannu, ka ɗaga tiren ka ɗan buga shi a ƙasa sau biyu domin ya zauna, ka ƙara inda ya lotsa, musamman ramukan gefe waɗanda ake yawan bari da rabi. Kada ka danna da yatsa, domin iskar da ka kashe kuɗi dominta ce kake fitarwa. Sai ka ɗora wani tiren a kai ka danna a hankali, gindinsa zai yi maka ƙananan ramukan shuka masu zurfi ɗaya.

Mataki na 7: Shuka

Ƙwaya ɗaya a rami ɗaya, a zurfin rabin santimita zuwa santimita 1. Ingantaccen iri yana da tsada, kuma dalilin reno a tire ke nan, don kada ƙwaya ko ɗaya ta tafi a banza. A rufe da haɗin da aka tankaɗe, a fesa ruwa a hankali, a rubuta sunan iri da ranar shuka a jikin tiren.

Mataki na 8: Kwanakin tsiro

Jera tiren wani kan wani, guda biyar zuwa takwas, a cikin ɗaki ko inuwa mai sanyi, ka rufe na sama da jiƙaƙƙen buhu. Tumatir da kabeji sukan fara fitowa cikin kwana 3 zuwa 6, tattasai da attarugu kuwa sukan kai kwana 8 zuwa 14, har fiye da haka idan sanyin hunturu ya tsananta. Daga kwana na biyu ka riƙa dubawa safe da yamma, kuma da zarar ka ga farin kan tsiro ya lanƙwaso ko da a rami biyu ko uku ne, ka raba tiren ka fitar da su haske nan take. Jinkirin yini ɗaya ya isa ya sa su yi dogon wuya fari siriri, wanda ba ya gyaruwa.

Mataki na 9: Ban ruwa da inuwa

Ɗora tiren a kan benci domin iska ta riƙa bi ta ƙasansu, wanda ke hana saiwa fita ta huji ta kama ƙasa. Lulluɓe wurin da raga saboda farin ƙuda da sauran ƙwari masu ɗauko cutar nannaɗewar ganye. Tsiro yana bukatar haske sosai, saboda haka inuwar tsakar rana kawai za ka yi masa, ba inuwar yini ba.

Launin fitmos da nauyinsa su ne za su gaya maka lokacin ban ruwa. Jiƙaƙƙe baƙi-baƙi ne, idan ya fara bushewa sai ya koma ruwan ƙasa mai haske, tiren kuma ya yi sakayau a hannu. Ka saba da ɗaga tire kowace safiya har hannunka ya san bambancin. A ba da ruwa da safe har ya ɗiga ta ƙasa, a sake dubawa da azahar, amma kada a kwana da tire sharkaf, domin danshin dare ne ke kawo ruɓewar gindi, inda za ka tarar da tsiro ya kwanta kamar an tsunkule shi daidai saman ƙasa. A lokacin hunturu iska tana busar da ramukan gefe cikin awanni kaɗan, don haka ka riƙa juya tire kana ba gefen ƙarin ruwa. Idan ka yi sakaci har haɗin ya bushe ya janye daga jikin rami, ruwan sama ba zai shige shi ba. Sai ka sa tiren a cikin baho mai ruwa kaɗan na minti 15 zuwa 20 ya sha ta ƙasa. Koren gansakuka a saman rami alama ce ta yawan ruwa da ƙarancin iska.

Mataki na 10: Ciyarwa

Da zarar ganyen gaskiya na farko ya fito, wato wanda ke bin ganyayyaki biyu na tsiro, a fara ba da taki mai narkewa, rabin giram zuwa giram 1 a lita 1 ta ruwa, sau biyu a mako, da safe, kuma a kan haɗin da ke da danshi. Kada ka sa ƙwayar takin buhu a cikin rami, domin ƙwaya ɗaya ta isa ta ƙone tsiron. Wanda ba shi da mai narkewa zai iya jiƙa ruɓaɓɓen takin gargajiya a buhu cikin bokiti na kwana biyu, ya tace, ya sirka ruwan har ya yi launin shayi marar kauri.

Mataki na 11: Horarwa da dashe

Tumatir da kabeji suna isa dashe a kwana 21 zuwa 28, tattasai da attarugu a kwana 35 zuwa 45, lokacin da suke da ganyen gaskiya huɗu zuwa shida kuma saiwa ta naɗe haɗin yadda zai fito a dunƙule. Saura mako guda a rage ruwa, a daina taki, a riƙa ƙara musu rana. A ranar dashe a shayar da su sosai, a turo kowanne ta hujin ƙasa, a dasa da yamma. Abin lura na musamman ga fitmos shi ne a binne dunƙulen gaba ɗaya da ƙasar gona; idan samansa ya leƙo, zai riƙa jan ruwa yana ba iska kamar lagwani, saiwar ta bushe alhali komin yana jiƙe.

Abin da buhun nan ke ci wa duniya

Ba na son wanda na koya wa aikin nan ya tafi bai san inda abin da ke hannunsa ya fito ba. Dausayin fit, wato irin dausayin da ake haƙo fitmos a cikinsa, bai wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ke ajiye a cikinsa ya fi wanda ke cikin itatuwan dazuzzukan duniya baki ɗaya. Muddin yana cikin ruwa, kabon ɗin na kulle. Domin a haƙo shi kuwa, sai an yanka magudanai an tsane dausayin, an kankare rayayyen gansakukan da ke sama, an kafce saman ya bushe a rana, sannan manyan injuna su zuƙe shi. Daga ranar da iska ta shige shi ruɓewar da ta tsaya shekaru dubbai take ci gaba, kabon ɗin ya riƙa fita sama a matsayin iskar da ke ɗumama duniya, a filin da aka tsane da kuma a cikin tirenka. Tsuntsaye da tsirran da ba sa rayuwa sai a irin wannan wuri suna rasa matsuguni, ƙasar kuma ta daina riƙe ruwan sama yadda take yi.

Gaskiya ita ce, mafi yawan ɓarnar da ake yi wa irin wannan dausayi ba masu lambu ne ke yin ta ba. Tsane shi domin noma, dashen itatuwa da gonakin kwakwar manja ya fi yawa nesa ba kusa ba, kamar yadda gobarar Indunusiya ta 2015 ta nuna, lokacin da busasshen fit ya yi makonni yana ci a ƙarƙashin ƙasa hayaƙinsa ya rufe ƙasashen maƙwabta. Tsanannen dausayi gaba ɗaya yana fitar da kimanin kashi 4 cikin 100 na iskar ɗumama duniya da ɗan Adam ke haddasawa. Sai dai rabon masu lambu shi ne wanda ya fi sauƙin kaucewa, kuma ƙasashen da suka fi kowa sanin abin sun fara ja da baya. Kamfanin Bord na Móna na gwamnatin Ayalan ya sanar da daina haƙar fit a 2021, gwamnatin Birtaniya kuma ta sanar a 2022 da niyyar hana sayar da shi ga masu lambun gida a Ingila. A Afirka ma muna da namu: a 2017 masana suka fitar da taswirar dausayin fit na tsakiyar kwarin kogin Kwango, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 145,500, wanda ke riƙe da kabon kimanin tan biliyan 30.

Saboda haka abu ɗaya nake hanawa kai tsaye, wato zuba fitmos a komi ko ramin dashen itace da sunan gyaran ƙasa. Komi mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10, idan za a shimfiɗa masa kaurin santimita 5, zai ci lita 500, buhu bakwai ke nan, ba zai ƙara wa ƙasar abinci ba, kuma zafin ƙasarmu zai cinye shi cikin ɗan lokaci. Takin shanu da ruɓaɓɓen ganye sun fi shi yin wannan aiki ta kowace fuska.

Yadda ake sauka daga kansa

Abu na farko da ke maye gurbinsa shi ne kokofit, garin ɓawon kwakwa da ake matsewa kamar bulo, yawancinsa daga Indiya da Siri Lanka. Bulo mai kilo 5 yana kumbura ya ba da lita 60 zuwa 70. Ba shi da tsamin fitmos, kuma yana karɓar ruwa ko bayan ya bushe, amma sau da yawa yana zuwa da gishiri. A jiƙa shi a baho ya kwana, a zuba a buhu mai tsiyaya, a yi ta kwarara masa ruwa mai daɗi sau uku ko huɗu; wanda ke da takin kalsiyum naitiret ya jiƙa shi a ciki na kwana ɗaya, giram 1 zuwa 2 a lita, sannan ya ɗauraye. Shi ma yana cin ruwa wajen wanki da man jirgi wajen kawowa, sai dai ɓawon kwakwa kowace shekara ake samun sabo.

Na biyu shi ne gawayin buntu, wanda ke zube tsibi-tsibi a bayan injinan casar shinkafa. A sami rabin durom ko babban gwangwani a huhhuda jikinsa, a kafa masa bututun hayaƙi a sama, a hura wuta a kife shi a kanta, sannan a tara busasshen buntu kewaye da shi. Wutar za ta riƙa cinsa daga ciki a hankali. Duk inda baƙi ya bayyana a sama a jawo ɗanye a rufe. Bayan awa huɗu zuwa shida, idan duk tsibin ya yi baƙi, a baza shi a kashe da ruwa sosai, domin idan aka bar shi zai zama farar toka, wadda ba ta da amfani a tire. A wanke shi sau biyu kafin haɗi, kuma a yi wannan aiki nesa da gidaje da rumbuna, a ranar da babu iska.

Na uku shi ne takin gargajiya, kuma a nan ne aka fi samun matsala, domin wanda bai gama ruɓewa ba yana kashe tsiro. Wanda ya nuna ba ya zafi, ba ya wari sai ƙamshin ƙasa, kuma ba a gane abin da aka yi shi da shi. A tankaɗe shi, a turara: a zuba ruwa a gindin durom, a ɗora raga a kan bulo, a sa takin da ɗan danshinsa a buhun algarara a kai, a rufe a hura wuta. Nakan binne dankali matsakaici a tsakiyar buhun, idan ya dahu to zafi ya ratsa ko'ina. Wanda ba shi da itace zai iya baza jiƙaƙƙen takin da kaurin da bai wuce taƙi ɗaya ba, ya rufe da farar leda ya danne gefenta, ya bar shi a ranar bazara mako huɗu zuwa shida.

Kada ka sauya haɗi gaba ɗaya a kan irin da ka saya da tsada. Ka ware tire uku da iri mai araha: na farko da haɗin mataki na 5, na biyu da roba 1 ta fitmos, 1 ta kokofit, 1 ta taki da 1 ta buntu, na uku kuma da roba 2 na kokofit, 1 ta taki da 1 ta buntu, babu fitmos ko kaɗan. Ka shuka su rana ɗaya, ka ƙirga adadin da ya fito a kowanne, bayan mako uku ka zaro guda biyar-biyar ka duba saiwa da yadda dunƙulen ke riƙe kansa. Haɗin da babu fitmos yakan bushe a sama alhali ƙasansa na jiƙe, don haka a nan nauyin tire za ka bi, ba launi ba, kuma yakan bukaci a fara ciyarwa da ɗan wuri. Idan dunƙulen yana wargajewa wajen zarowa, ka rage buntu ka ƙara taki. Tumatir da kabeji su ne suka fi saurin amincewa da sabon haɗi, attarugu kuwa ya fi jinkiri, shi nake bari a ƙarshe.

Ragowar fitmos ɗin da ya saura a buhu a ɗaure bakinsa da kyau, a ɗora shi a kan katako cikin inuwa inda ruwan sama da rana ba sa kai wa gare shi, domin wanda ya jiƙe a ajiya yana yin fumfuna, wanda ya sha rana kuma sai an sha wahala kafin ya sake karɓar ruwa. Haɗin da ya rage a ramukan da iri bai fito ba a tattara shi a turara tare da takin zagaye na gaba, muddin ba a ga ruɓewar gindi a wannan tiren ba. Idan an gani, a kai shi ramin taki.